Ɗan sanda a makarantar yaranmu: birni ne zai biya, ko hukumar makarantu?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙaramin birni a Amurka shekara shida ke nan, yarana biyu suna sakandare. An aiko mana da takarda cewa majalisar birni ta ce daga baɗi ba za ta ci gaba da biyan 'yan sanda uku da ke makarantunmu ita kaɗai ba, sai hukumar makarantu ta ɗauki rabin kuɗin. Ita kuma hukumar makarantu ta ce in ta biya, to dole ta rage wasu ma'aikata. Za a yi taro da iyaye wata mai zuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba duk gwamnati ɗaya ba ce? Ba harajinmu ɗaya suke karɓa ba? Wa ya kamata ya biya, kuma me zan faɗa in na je taron?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Na yi shekaru ina aiki a ofishin kasafin kuɗi na wata hukumar makarantu a nan Amurka, kuma wannan rigima ta zo teburina fiye da sau ɗaya. In na fahimce ki, kina son ki san dalilin da ya sa hukumomi biyu da ke cin haraji daga aljihunki suke ja-in-ja, yadda ya dace a raba kuɗin, da abin da za ki tashi ki faɗa a gaban jama'a. Bari in sanar da ke matsayina tun daga farko. Neman a raba kuɗin bai saɓa wa hankali ba, wurare da yawa haka suke yi. Amma kalmar "rabi" ita kaɗai ba ta gaya miki komai ba sai kin san rabin me ake nufi, da kuma abin da makaranta za ta samu a rubuce idan ta biya. Duk wanda ya je taron yana faɗa a kan kashi 50 ko kashi 70 bai tambayi wannan ba, zai iya yin nasara a baki ya dawo da asara a aljihu.

Me ya sa ba gwamnati ɗaya ba ce

Mu da muka taso a Najeriya mun saba da rundunar 'yan sanda guda ɗaya, wadda ke ƙarƙashin Sufeto Janar a Abuja. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi ke biyan albashin DPO ba, balle a ce shugaban makaranta. Shi ya sa wannan magana take zo mana baƙuwa. A Amurka akwai hukumomin 'yan sanda kusan 18,000. Yawancin birane da nasu, kusan kowace gunduma da sherif ɗinta, wato shugaban 'yan sandan gunduma, kuma majalisar wurin ce ke ware musu kuɗi. Makarantun gwamnati kuma suna ƙarƙashin hukumomin yanki kusan 13,000, mafi yawansu da zaɓaɓɓun wakilai nasu, da ikon sanya nasu haraji, da kasafi nasu daban. A yawancin wurare magajin gari ba shi da ikon ba su umarni. A wasu jihohi kamar Bajiniya hukumar makarantu ba ta sanya haraji, daga hannun birni ko gunduma take karɓa, amma a yawancin ƙasar gwamnatoci biyu ne masu zaman kansu da suka haɗa gari ɗaya.

Kin ce aljihu ɗaya ne. Ga ke da kike cikin birnin kuma yaranki ke makarantar, haka ne. Amma sau da yawa iyakar birni da iyakar hukumar makarantu ba sa daidaita. Za ki ga sakandaren tana cikin birni, amma ɗalibai da yawa motar makaranta ce ke kwaso su daga ƙauyuka da unguwannin da ke wajen iyaka, waɗanda iyayensu ba sa biyan birnin harajin gida. In birni ya biya ɗan sandan shi kaɗai, mazauna birnin sun riƙe ƙaho ke nan, na waje suna tatsa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da majalisun birane ke kawowa, kuma a inda iyakokin suka bambanta sosai, hujja ce ta gaskiya. Don haka abu na farko da za ki duba shi ne taswira: ɗalibai nawa ne cikin ɗari suke zaune a cikin birnin?

Sannan hanyoyin samun kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Birni a jihohi da dama yana da harajin saye-saye, da kuɗin lasisi, da tara, ban da harajin gidaje. Hukumar makarantu galibi harajin gidaje ne da abin da jiha ke ba ta bisa yawan ɗalibai, sai ɗan abin da gwamnatin tarayya ke ƙarawa, wanda a shekarun da ba na annoba ba yakan tsaya wajen kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka. A jihohi da yawa kuma doka ta ɗaure mata hannu, ba za ta ƙara haraji ba sai ta koma wurin masu zaɓe sun amince. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da take kashewa yau da kullum albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata. To da suka ce miki in sun biya za su rage ma'aikata, ba lallai barazana ba ce. Babu wani wurin da za a yanko kuɗin in ba jikin mutane ba. Na sha zama da takardar a gabana ina duba ko mataimakiyar malama ce za ta tafi ko mai kula da ɗakin karatu, kuma ba zama ba ne mai daɗi.

Yadda aka zo nan

Ɗan sandan da ake ajiyewa a makaranta, wanda za ki ga an rubuta SRO a takardunku, ya samo asali ne a birnin Filint na jihar Mishigan a shekarun 1950. Bai yaɗu sosai ba sai bayan harbin da aka yi a sakandaren Kolumbain ta jihar Kolorado a watan Afrilun 1999, inda aka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya. A wannan shekarar ma'aikatar shari'a ta tarayya, ta hannun ofishinta na COPS mai tallafa wa 'yan sandan yankuna, ta fara ba da tallafin ɗaukar 'yan sandan makaranta, kuma cikin 'yan shekaru ta kashe sama da dala miliyan 750 aka ɗauki fiye da 6,500.

Ki lura da yadda irin wannan tallafi yake, domin a nan ne yawancin rigingimun suke tsirowa. Tallafin ɗaukar 'yan sanda na COPS yana biyan har kashi 75 cikin 100 na albashin sabon ɗauka da haƙƙoƙinsa na shekara uku, bai wuce dala 125,000 ga kowane gurbi ba, kuma sai birni ya yi alkawarin riƙe gurbin aƙalla wata 12 bayan tallafin ya ƙare. A shekarun farko kowa na murna, magajin gari ya yanke kyalle, shugaban makaranta ya yi godiya, ba wanda ya zauna ya rubuta wa zai biya a shekara ta biyar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In kin bincika tarihin 'yan sandanku uku, ba zan yi mamaki ba idan kika tarar da wani tallafi ne ya kawo su, ko na tarayya ko na jiha, ya ƙare, birni ya yi ta ɗauka shiru har albashi da inshora suka yi tsada, yanzu ya ce ya gaji.

Duk lokacin da aka yi wani mummunan hari kuma sai jihohi su ƙara doka. Bayan kashe mutum 17 a wata sakandare a garin Fakland na jihar Fulorida a Fabrairun 2018, jihar ta wajabta a sa jami'in tsaro a kowace makarantar gwamnati, kuma da kuɗin da jiha ta ware bai isa ba, sai wasu hukumomi suka koma ga masu gadi da bindiga waɗanda aka horar na awa 144, domin sun fi ɗan sanda araha. Bayan harbin da aka yi a wata firamare a garin Yubalde na jihar Tekzas a Mayun 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai 2, Tekzas ta yi doka a 2023 cewa kowace makaranta sai da jami'i mai bindiga, ta ba da dala 15,000 ga kowace makaranta da dala 10 kan kowane ɗalibi. Wannan ko rabin albashin mutum ɗaya bai kai ba a yawancin makarantu, sai daga baya aka ƙara kuɗin. Tenesi ta bi wata hanya a 2023, ta ware dala miliyan 140, har dala 75,000 ga kowace makaranta a shekara. Ina kawo waɗannan ne don ki san akwai mai biya na uku da ake mantawa da shi a taro, wato jiha. Ki tambaya ko jiharku tana da irin wannan tallafi, kuma ko an nema.

Rabin me?

A nan nake so ki tsaya ki nutsu, don nan ne aikina yake. Ɗan sanda ba albashinsa kawai ake biya ba. Bari in ba ki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, ba na garinku ba. Mu ce albashinsa dala 70,000 a shekara. Inshorar lafiya da fansho da sauran haƙƙoƙi mu ce 30,000. Mota, mai, kaki, bindiga, rediyo, kyamarar ƙirji, horo da rabonsa na albashin sajan da ke duba shi, mu ce 15,000. Jimla 115,000.

In aka ce makaranta ta biya kashi 75 na albashi kaɗai, za ta biya 52,500. In aka ce ta biya rabin cikakken kuɗin, za ta biya 57,500. Kin ga "rabi" ya fi "kashi 75" tsada. In kuma aka ce kashi 75 na albashi da haƙƙoƙi, ya zama 75,000. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma tsakanin ƙaramar lamba da babba akwai sama da dala 20,000, a ninka sau uku a garinku, ya kai albashin malami guda. Na taɓa ganin wakilan makaranta sun fito daga zama suna farin ciki sun ƙi kashi 60 sun samu kashi 50, ba su lura ba an canza abin da ake rabawa daga albashi zuwa cikakken kuɗi. Da takardar biya ta zo hannuna, abin da za mu biya ya fi wanda suka ƙi.

Daga ina kashi 70 ko 75 ke fitowa? Daga kalanda. Shekarar karatu kwana 180 ce a yawancin jihohi. Awa 8 sau 180 ya ba da awa 1,440. Shekarar aikin ɗan sanda awa 2,080 ce, wato awa 40 sau mako 52. In kin raba, kashi 69 cikin 100 ne. Wasu kuma sukan ce wata 9 cikin 12, kashi 75 ke nan. Hujjar birni ita ce: kun riƙe mana mutum kashi 70 na lokacinsa, ku biya kashi 70. Sauran lokacin, hutun bazara da na hunturu, yana komawa sintiri, mu biya wannan.

Makaranta ma tana da tata amsar, kuma ba ƙaramar amsa ba ce. Yaran nan 'yan gari ne. Kare su aikin 'yan sanda ne ko suna gida ko suna aji, kamar yadda ba a cajin kasuwa ko filin wasa kuɗin sintiri. Babbar sakandare mai mutum 1,500 ta fi wasu unguwanni yawan jama'a da rana. In babu ɗan sanda a ciki, duk faɗa ko sata ko barazana sai an kira motar sintiri ta bar inda take ta zo, wannan ma kuɗin birni ne. Ga shi kuma birni yana samun ƙarin ma'aikaci a bazara, daidai lokacin da sauran 'yan sanda ke ɗaukar hutu, ya rage masa biyan kuɗin ƙarin lokaci. Kuma shi ɗan sandan ma'aikacin birni ne, shugaban 'yan sanda ke ba shi umarni, ƙungiyar 'yan sanda ce ke cinikin albashinsa da birni, makaranta ba ta teburin. A ce ka biya kashi 70 na albashin da ba ka da baki wajen yanke shi, akwai ƙwara a ciki.

Ni abin da na gani ya fi zama lafiya, kuma nake ganin ya fi kusa da adalci, shi ne a raba bisa nau'in kuɗin. Duk abin da ya sa mutumin ya zama ɗan sanda, wanda birni zai kashe ko da makaranta ko babu, wato ɗauka, horon farko, mota, makami, da tsohon bashin fansho, birni ya ɗauka gaba ɗaya. Albashi da haƙƙoƙin kwanakin da makaranta take buɗe, a raba su tsakanin biyun. Horo na musamman kan hulɗa da yara, da ofis a cikin makaranta, da aikin dare na wasannin ƙwallo da bukukuwa, makaranta ta biya. In aka yi haka rabon makaranta yakan faɗo tsakanin kashi ɗaya bisa uku da rabi na cikakken kuɗin. Inda ɗalibai da yawa ke zuwa daga wajen birni, sai ya matsa kusa da rabi ko ya ɗan wuce. Batun fansho ki sa masa ido sosai. Birane da dama suna da tsohon giɓi a asusun fanshon 'yan sanda, suna biyansa a hankali kan kowane ma'aikaci. Wannan bashi ne na shekarun baya, bai kamata a lallaɓo a zuba shi cikin takardar makaranta ba.

Abin da ya faru a Milwoki da Alekzandiriya

In kina son ganin ƙarshen wannan rigima idan aka bar ta ta yi tsami, ki dubi Milwoki ta jihar Wiskonsin. A 2023 majalisar jihar ta yi dokar da ta ba birnin damar sanya harajin saye-saye na kashi 2, a cikinta kuma ta wajabta a sa 'yan sanda 25 a makarantun birnin daga 1 ga Janairun 2024. Dokar ta ce birni da hukumar makarantu su daidaita a kan rabon kuɗin, amma ba ta faɗi ko nawa kowa zai biya ba. Kuɗin kusan dala miliyan 1.6 ne a shekara. Hukumar makarantu ta ce birni ne ya ci ribar dokar, shi ya samu sabon haraji. Birni ya ce makarantu ne za su amfana da jami'an. Wa'adi ya wuce, shekara ta zagayo, babu ɗan sanda ko ɗaya. Wata uwa ta kai ƙara a ƙarshen 2024, sai a Fabrairun 2025 alƙali ya yanke cewa a raba rabi da rabi, har ya yi wa birnin barazanar tarar dala 1,000 kowace rana in bai cika umarni ba. A Maris jami'an suka shiga makarantu. An ɓata sama da shekara guda, an biya lauyoyi daga harajin mutanen gari ɗaya ta ɓangarorin biyu, aka ƙare a lambar da za a iya yankewa a zaman yini ɗaya.

Alekzandiriya ta jihar Bajiniya kuma ta nuna ɗaya fuskar. A can birni ne ke biya. A 2021 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'a ta janye kusan dala 800,000 na 'yan sandan makaranta ta karkatar da su ga kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa, alhali hukumar makarantu tana so a bar su. Hukumar ba ta da yadda za ta yi, ba ita ke riƙe da jakar ba. Bayan 'yan watanni, da aka samu tashe-tashen hankula a makarantu, majalisar ta mayar da su. A Miniyafolis ta jihar Minesota kuwa, inda hukumar makarantu ce ke biyan 'yan sanda bisa kwangila, ita ce ta soke kwangilar a Yunin 2020 bayan kisan George Floyd, ba ta jira izinin kowa ba. Abin da nake so ki ɗauka daga nan shi ne, biyan wani kaso ba asara zalla ba ce ga makaranta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ba ta biyan ko sisi kyauta ake yi mata, kuma mai kyauta yana iya janyewa ranar da ya ga dama, yana iya turo wanda ya ga dama. Ranar da ta fara biya ta zama mai saye, tana da bakin gindaya sharaɗi.

Sharuɗɗan da nake nema kafin in yarda a biya

Ana rubuta su ne a takardar yarjejeniya tsakanin hukumomin biyu, kuma takarda ce ta jama'a, kina da haƙƙin neman kwafinta a ofishin kowannensu. Babban abin da ya fi ƙona mini rai a aikina shi ne biyan kwanakin da ba a yi aiki ba. Akwai shekarar da muka lura shugabannin makarantu suna ta ƙorafin ba sa ganin jami'insu. Da muka bi diddigi, sai muka tarar ana yawan janye shi ya cike gurbin sintiri, ko ya tafi kotu, ko horo, ba a turo madadinsa, mu kuma takardar biya tana zuwa cif-cif. Ba wanda ya yi niyyar cuta, rundunar ce ke da ƙarancin mutane, amma kuɗin yara ne ke tafiya. Tun daga lokacin na dage a rubuta cewa ana biya ne bisa kwanakin da aka halarta, ofishin makaranta yana riƙe da rajista, kuma in rashin zuwa ya wuce wasu kwanaki a jere sai a turo wani ko a rage kuɗi.

Sai batun ƙarin albashi. In birni ya yi sabuwar yarjejeniya da ƙungiyar 'yan sanda albashi ya tashi, kason makaranta ma zai tashi ba tare da an tambaye ta ba. Maganinsa a sa iyaka, a ce kason ba zai ƙaru fiye da kaza a shekara ba, ko a yanke tsayayyen kuɗi na shekara uku. A kuma rubuta wa'adin sanarwa kafin wani ya janye. Hukumomin makarantu da yawa suna fara shekarar kuɗi 1 ga Yuli, suna ba malamai kwangila tun kafin nan, birane kuwa wasu a Janairu suke farawa. Birni ya zo a tsakiyar shekarar karatu ya ce a kawo rabi, ya sa makaranta a tsaka mai wuya. In haka ne a garinku, abu mai sauƙi da za ki nema shi ne a shiga a hankali: kashi 20 a shekarar farko, 35 a ta biyu, sannan a kai inda aka amince. A rubuta kuma wa zai ɗauki alhaki in jami'in ya ji wa yaro rauni aka kai ƙara. Tunda ma'aikacin birni ne, inshorar birni ce ta kamata ta rufe.

Akwai sharuɗɗan da ba na kuɗi ba, kuma a wurina sun fi na kuɗin nauyi. Makaranta ta shiga cikin masu zaɓen jami'in, kuma ta iya cewa a canza shi in bai dace ba. Ya yi horon aiki da yara, ko da na awa 40 ne irin wanda NASRO, ƙungiyar 'yan sandan makarantu ta ƙasa, ke bayarwa. A rubuta ƙarara cewa ladabtarwa aikin malamai ne: makara, rashin kunya, waya a aji, tufafi, duk babu ruwan ɗan sanda. A rubuta cewa za a kira iyaye kafin ya yi wa yaro tambayoyi kan laifi, sai dai in rai na cikin haɗari. A riƙa fitar da rahoto duk shekara na yara nawa aka kama ko aka miƙa wa kotu, da laifin, da shekarunsu, da launin fatarsu.

Ba don ado nake faɗin wannan ba, Hajiya. Yaranmu baƙaƙe ne, da yawansu Musulmi, wasu Turancinsu bai gama nuna ba. Binciken da Lucy Sorensen ta Jami'ar Albani da abokan aikinta suka yi da bayanan makarantun ƙasar ya nuna cewa zaman ɗan sanda yana rage wasu nau'o'in faɗa, amma bai nuna yana hana harbi ba, kuma yana ƙara yawan dakatar da ɗalibai da kora da kamawa, abin ya fi faɗawa kan baƙaƙen yara da masu naƙasa. A Kolumbain akwai jami'i, a Fakland akwai, a Yubalde hukumar makarantun tana da rundunarta ta kanta. A ɗaya gefen kuma na san jami'an da yara ke zuwa wurinsu su faɗa musu abin da ba za su faɗa wa malami ba, har aka tare fitina kafin ta auku. Na ga iri biyun da idona, kuma abin da ya raba su shi ne wa aka zaɓa da abin da aka ce masa aikinsa ne. Ga iyalan da takardunsu ba su kammala ba, kotun ƙoli ta yanke tun 1982 cewa kowane yaro yana da haƙƙin karatu a makarantar gwamnati ko da wane irin matsayi iyayensa suke. Ya dace yarjejeniyar ta faɗi cewa jami'in ba zai tambayi yaro takardun zama ba, gwargwadon abin da dokar jiharku ta bari.

Lissafin da na yi miki zai iya nuna rabon da ya dace, amma ba zai yanke miki ko 'yan sanda uku sun fi mai ba ɗalibai shawara ko ma'aikaciyar jinya amfani a makarantunku ba. Wannan hukunci ne na iyaye da malaman wurin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantu ta ƙasar tana cewa a samu ɗaya ga kowane ɗalibi 250, kuma makarantu da yawa ba su kai haka ba. In waɗanda za a rage su ne irin waɗannan, to ya halatta ki tambaya ko jami'ai biyu za su wadatar maimakon uku, ɗaya a babbar sakandare ɗaya yana zagaya sauran. Ni kuma aikin kasafi na yi, ba lauya ba ne. In dokar jiharku ta wajabta jami'i a kowace makaranta, wannan zaɓin ya faɗi, sai a koma kan rabon kawai.

A wurin taron

Yawanci minti biyu ko uku ake ba kowa, kuma a wurare da yawa sai kin rubuta sunanki kafin a fara, don haka ki je da wuri. Ba a tambayar takardar zama ɗan ƙasa kafin mutum ya yi magana, zamanki a garin da yaranki a makarantar sun isa. Kafin ranar ki nemi kwafin yarjejeniyar da ake aiki da ita yanzu da takardar da ta nuna yadda aka kai ga jimlar kuɗin. In kin tashi, ki faɗi sunanki da makarantar yaranki, sannan ki yi tambayoyinki kai tsaye: rabin da ake nema na albashi ne ko na cikakken kuɗi har da mota da fansho? Kwana nawa jami'an suka halarci makaranta bara cikin 180? Waɗanne gurabe ne takamaimai za a rage in an biya? An nemi tallafin jiha ko na tarayya? In makaranta ta biya, me za a ƙara a yarjejeniyar game da zaɓen jami'i da kiran iyaye?

Ba lallai su amsa miki nan take ba, a irin waɗannan taruka wakilai sukan saurara ne kawai. Ki miƙa wa magatakarda tambayoyin a rubuce, ki nemi a amsa miki ta imel, don su shiga kundin taron. Ki kuma tuna taruka biyu ne. Iyaye sukan cika zauren hukumar makarantu su bar na majalisar birni wayam, alhali can ne aka yanke shawarar janye kuɗin. Ki duba ranar zaman majalisar a shafinta na intanet, ki ja wasu iyaye biyu ko uku ku je tare, ku maimaita tambayoyin nan a can.